Allurar Saniya, Ajalin Ungulu

Idan likitan dabbobi ya feɗe gawar ungulun da maganin rage ciwo mai suna diklofenak ya kashe, abin da idonsa zai fara faɗawa a kai shi ne wani farin gari mai kama da alli da ya lulluɓe hanta da zuciya da ƙoda. Tsuntsuwar ba ta rame ba, ƙirjinta cike yake da tsoka, babu karaya, babu raunin harsashi ko na tarko. Farin garin nan shi ne sinadarin yurik, wato irin farin da kowa ke gani a kashin kaza da na tantabara, wanda ƙodar tsuntsu ke tacewa daga jini ta fitar da shi. Da zarar ƙodar ta tsaya, sai sinadarin ya taru a jini, ya rasa mafita, ya kwanta a kan kayan ciki, kuma cikin kwana biyu ko uku tsuntsuwar da ta ci nama tana lafiya lau ta faɗo daga reshe matacciya.

Na daɗe ina bibiyar wannan batu, domin a cikin duk abin da na karanta game da magani da guba a fagen kula da lafiyar namun daji, babu wanda ya taɓa ni kamarsa. Likitan namun daji yana aiki ne da majinyacin da ba shi da mai shi. Babu makiyayin da zai zo ya ce jiya ta ƙi ci, shekaranjiya ta yi gudawa, kuma ga abin da na ba ta. Yawanci ba a kai masa dabbar sai abu ya ƙazanta, sau da yawa ma gawa yake tararwa, ya shiga bin sawu daga ƙarshe zuwa farko. A labarin ungulayen Asiya, da aka bi sawun har inda ya faro, ba a iske mugu ko mafarauci ba, sai aka iske talaka manomi da ke tausayin tsohuwar saniyarsa, yana neman abin da zai rage mata ciwon gaɓoɓi. Tun daga nan na yarda cewa babban rabo na lafiyar namun daji a garke da shagon magani ake yanke shi, nesa da gandun daji.

Har zuwa farkon shekarun 1990, ungulu mai farin baya ta Indiya tana cikin manyan tsuntsaye masu cin nama da suka fi yawa a duniya, ana lissafa ta da 'yan uwanta da miliyoyi masu yawa. A ƙarshen shekarun ne wani masanin tsuntsaye na ƙungiyar nazarin halittu ta Bombay, Vibhu Prakash, ya lura cewa ungulayen gandun Keoladeo da ke jihar Rajasthan suna ƙarewa, sheƙunansu sun koma fanko, waɗanda suka rage kuma suna zama a kan bishiya wuya a langaɓe kafin su mutu. Ƙidayar da aka yi daga baya ta nuna cewa tsakanin 1992 da 2007 mai farin bayan ta ragu da kashi 99.9 cikin ɗari a Indiya, wasu jinsuna biyu na kusa da ita kuma suka ragu da kusan kashi 97. Zato ya fi karkata a kan wata sabuwar annoba ta ƙwayar cuta, kuma zaton yana da hujja, tunda mutuwar ta bazu daga jiha zuwa jiha har ta tsallaka iyaka. An shafe shekaru ana neman ƙwayar cutar ba a same ta ba.

A Pakistan aka warware ƙullin. Wani likitan dabbobi ɗan Amurka, Lindsay Oaks na jami'ar jihar Washington, tare da abokan aikinsa na gidauniyar Peregrine Fund da masana 'yan ƙasar, sun tattara gawarwakin manyan ungulaye 259 a lardin Punjab, suka tarar kashi 85 cikin ɗari suna ɗauke da farin garin nan a cikinsu. Bayan gwajin ƙwayoyin cuta da magungunan ƙwari da ƙarafa masu guba bai nuna komai ba, sai suka sauya tambaya, suka koma kan abincin tsuntsayen. Ungulayen yankin mushen dabbobin gida suke ci, don haka aka zaga shagunan maganin dabbobi ana tambayar me aka fi sayarwa, kuma a cikinsa wanne ne sabo a kasuwa kuma aka san yana taɓa ƙoda. Sunan diklofenak ne ya fito. Da aka gwada naman tsuntsayen, duk wadda ke da ciwon ƙodar an sami maganin a jikinta, waɗanda wani abu dabam ya kashe kuwa babu shi. An bayyana sakamakon a 2003, mujallar Nature ta buga shi a 2004. Abin da ya fi burge ni a aikin nan shi ne tafiya shagon magani da ƙafa, domin na'urar ɗakin gwaji ba ta gano abin da ba a ce ta nema ba.

Diklofenak magani ne mai kyau, kuma dole a faɗi haka. Yana sauke zazzaɓi, yana rage kumburi da ciwo, mutane na shan sa a ko'ina, kuma ga sa ko ɓauna mai ɗingishi yana aiki da sauri. Da ya yi araha a Indiya a shekarun 1990 sai ya zama allurar da ake yi wa kusan kowace dabba marar lafiya. Jikin saniya yana fitar da shi cikin 'yan kwanaki, saboda haka haɗarin yana kan wadda ta mutu jim kaɗan bayan allurar, lokacin da maganin ke nan a hantarta da ƙodarta da namanta. To, dabbar da ake yi wa allurar rage ciwo sau da yawa tsohuwa ce ko wadda ciwo ya ci ƙarfinta, wato wadda ta fi kusa da mutuwa. A Indiya kuma mabiya addinin Hindu ba sa cin naman shanu, don haka idan saniya ta mutu sai a feɗe fatar a bar sauran a fili, ungulaye su share shi. Mushe ɗaya yakan tara tsuntsaye da yawa daga nesa, kowace ta cika cikinta.

Masu lissafi sun auna adadin mushe mai magani da zai isa ya jawo irin wannan ƙarewa, suka sami abin da har yau yake ba ni tsoro: ɗaya cikin 130 zuwa ɗaya cikin 760 ya wadatar. Dalilin yana cikin rayuwar tsuntsuwar kanta. Ungulu tana cin mushe da dama a shekara, kuma sau ɗaya kawai take buƙatar ta faɗa kan mai magani. Ƙwai ɗaya take yi a shekara, ɗanta kuma sai ya kai kimanin shekara biyar kafin ya fara haihuwa, saboda haka jinsin da aka halitta don tsawon rai da jinkirin hayayyafa ba ya iya cike gurbin manyansa idan suna mutuwa da sauri haka.

Wani abin baƙin ciki ga likita shi ne wannan guba ba ta da makari. Kafin a ga alama a jikin tsuntsuwa ƙodar ta riga ta lalace, ƙarin ruwa da jinya kuma ba sa mayar da ita. Babu wata allura da za a ɗauka a jaka a tafi daji da ita. Hanya ɗaya tilo ita ce maganin kada ya shiga mushen tun farko.

Ɓarnar ba ta tsaya kan tsuntsaye ba. Mushen da a da ungulaye ke cinyewa cikin ƙasa da sa'a guda ya koma yana kwana da kwanaki yana ruɓewa kusa da ƙauyuka da magudanan ruwa, karnukan da ba su da masu su suka sami abinci suka yawaita, a ƙasar da ta riga ta fi kowace fama da cutar cizon mahaukacin kare. Al'ummar Farsi ta Mumbai, waɗanda addininsu ya tanadi a ajiye mamaci a kan hasumiya tsuntsaye su cinye, sun wayi gari babu masu yi musu wannan aiki. A 2024 wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun kwatanta gundumomin da a da ke da ungulaye da waɗanda ba su da su, suka ƙiyasta cewa rashin tsuntsayen ya jawo ƙarin mutuwar mutane kusan rabin miliyan tsakanin 2000 da 2005. Ƙiyasi ne na lissafi, ana iya muhawara kan girmansa, amma alƙiblar da ya nuna ta yi daidai da abin da duk wanda ya taɓa wucewa kusa da mushen jaki da rani zai fahimta da hancinsa.

A nan akwai wata ƙa'ida da likitocin namun daji suka koya da tsada, wato cewa maganin da ya yi wa wani jinsi daidai ba shi da tabbas a kan wani, ko da an rage shi gwargwadon nauyi. Farasitamol da muke ba yara yana kashe kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi, kuma a tsibirin Guam da gangan ake cusa shi a cikin matattun ɓeraye don kashe wani maciji da ya addabi tsuntsayen wurin. Ibamektin da makiyaya ke yabo wajen kashe tsutsa da kaska yana shanye jikin kunkuru har ya kashe shi, ragowarsa da ke fita a kashin shanu kuma tana cutar da buzuzu. A Amurka an sha samun gaggafa ta mutu bayan ta ci gawar doki ko wata dabba da likita ya kashe da allura don ya hutar da ita daga ciwo aka bar ta a fili. Shi diklofenak ɗin ma ba duk tsuntsu yake kashewa ba, domin an gwada shi a kan wata ungulu ta nahiyar Amurka da kuma hankaka mai farin ƙirji, suka jure shi. Saboda haka ba a yin hasashe, sai an gwada jinsi bayan jinsi, kuma kamfanin da ke neman rajistar maganin shanu ba kasafai ake tambayarsa me zai faru da wanda ya ci gawar saniyar ba.

Hana magani ba tare da kawo madadinsa ba aikin banza ne, domin manomi ba zai zuba ido sansa na huɗa yana ɗingishi ba. Masu binciken sun gane haka, sai suka aika da tambayoyi zuwa gidajen ajiye namun daji da asibitocin tsuntsaye na ƙasashe da dama, suna neman sanin wane maganin ciwo aka taɓa ba ungulu da gaggafa da dangoginsu, kuma me ya biyo baya. Amsoshin sun nuna an ba tsuntsaye sama da 700 na jinsuna 60 meloksikam ba a sami mutuwa ba. Daga nan aka gwada shi a Afirka ta Kudu, da hannun likitocin jami'ar Pretoria, a kan ungulu mai farin baya ta Afirka, wadda aka riga aka tabbatar diklofenak yana kashe ta kamar yadda yake kashe 'yar uwarta ta Asiya. An ba su maganin kai tsaye, an kuma ciyar da su naman shanun da aka yi wa allurarsa, suka tashi lafiya. Wannan gwaji yana da muhimmanci a gare mu ta fuska biyu, domin ya samar da madadi, ya kuma nuna cewa ungulun nahiyarmu ba ta da wata kariya daga diklofenak.

A 2006 Indiya da Pakistan da Nefal suka haramta diklofenak na dabbobi, Bangaladash ta bi sahu a 2010. Sai dai doka ta rufe ƙofa ɗaya ta bar taga a buɗe. Na mutane bai haramta ba, kuma ana sayar da shi a manyan kwalabe da suka isa allurar sa, don haka masu yi wa dabbobi magani suka koma sayen na mutane. Sai a 2015 gwamnatin Indiya ta taƙaita kwalbar allurar mutane zuwa mililita 3, yadda sai mutum ya fasa kwalabe da yawa kafin ya haɗa abin da zai ishi saniya. Bayan haka aka gano cewa a cikin sauran magungunan ciwo, aseklofenak yana rikiɗa ya zama diklofenak a cikin jikin saniya, ketofurofen da nimesulaid su ma suna kashe ungulu. An haramta biyun farko ga dabbobi a Indiya a 2023, na ukun ya biyo baya. A ɗaya ɓangaren kuma an tabbatar da wani magani na biyu marar haɗari, tolfenamik. Ana kiwon ragowar tsuntsayen a cibiyoyi irin ta Pinjore a jihar Haryana, a Nefal kuma an buɗe wuraren da ake riƙe tsofaffin shanu ba tare da maganin ba har su mutu, sannan a ba ungulaye naman. Raguwar ta lafa, a Nefal har an fara ganin ƙaruwa, amma adadin bai ko kusanci na da ba.

Duk da wannan darasi, Sifaniya, wadda ke riƙe da mafi yawan ungulayen Turai, ta ba da izinin diklofenak na dabbobi a 2013, bisa hujjar cewa dokokinta na zubar da mushe za su hana shi kaiwa ga tsuntsaye. A 2020 aka tsinci ɗan wata baƙar ungulu matacce a sheƙarsa a yankin Kataloniya, gwaji kuma ya nuna diklofenak ne. Idan ƙasa mai rajistar kowace dabba da motocin kwashe mushe ba ta iya toshe hanyar ba, ban ga dalilin da wata ƙasa za ta dogara da gargaɗin da aka rubuta da ƙananan haruffa a jikin kwalba ba.

A Afirka labarin ya sha bamban, domin a nan gubar da ta fi kisa da gangan ake zuba ta. Wani nazari da Darcy Ogada da abokan aikinta suka fitar kan ungulayen nahiyar ya danganta kashi 61 cikin ɗari na mace-macen da aka rubuta da guba, kashi 29 da cinikin sassan jikinsu don magungunan gargajiya da tsafi, kashi 9 kuma da wayoyin lantarki. Masu zuba gubar iri-iri ne. Akwai makiyayin da zaki ko kura ko dila ta yi wa ɓarna, ya barbaɗa maganin ƙwari a ragowar dabbarsa don ya rama, ungulaye su riga mai laifin isowa. Haka ta faru a Disambar 2015 a Masai Mara ta Kenya, inda zakunan wani sanannen garke suka mutu tare da ungulaye bayan sun ci mushen saniya. Akwai masu farautar hauren giwa, waɗanda suka san jewar ungulu a sama tana nuna wa masu gadin daji inda aka yi kisa, don haka suke zuba wa gawar giwar guba su kawar da masu tona musu asiri. A Yunin 2019 a arewacin Botswana an ƙirga ungulaye 537 da gaggafa biyu matattu a kan gawar giwaye uku, kuma lokacin kiwon 'ya'ya ne, wato a bayan kowace uwa da ta mutu akwai ɗa a sheƙa da yunwa za ta ƙarasa. Sai kuma masu neman kai da ƙafa don sayarwa. A farkon 2020 an kashe ungulaye sama da 2,000 a gabashin Gini Bisau, irin ƙaramar nan mai jan wuya da muka saba gani a kwata, da yawansu an same su babu kawuna.

Gubar da aka fi amfani da ita magungunan ƙwari ne na gona, irin su karbofuran da aka fi sani da sunan Furadan, da dangin fiya-fiya. Aikinsu ɗaya ne a jiki: suna toshe sinadarin da ke kashe saƙon jijiya bayan ya isa tsoka, sai saƙon ya yi ta maimaituwa babu tsayawa. Tsuntsuwar da ta ci za a same ta a ƙasa, sau da yawa taku kaɗan daga mushen, fukafukai a baje, wuya a karye gefe guda, yatsun ƙafa a dunƙule gam har da ciyawa ko ƙasa a cikinsu. Yawu da amai suna zuba daga bakinta, jikinta yana karkarwa, numfashinta yana ƙara saboda ruwan da ya cika mata hanyar iska. A kan mushen kansa akan ga ƙudaje matattu birjik, wanda hakan alama ce da ma'aikatan daji ke dubawa tun kafin su taɓa komai. Abin da ke kashe ta a ƙarshe shi ne tsokar numfashi ta gaza.

Wannan guba, duk da saurin kisanta, tana da makari, kuma a nan ne likita ke da abin yi da hannunsa. Makarin shi ne wani magani mai suna atrofin, wanda yake tare wuraren da saƙon jijiyar ke sauka, ya busar da yawu da majinar da ke shaƙe tsuntsuwa, ya ɗaga bugun zuciya, kuma akan maimaita shi gwargwadon yadda alamun ke dawowa. Ungulu tana da wata jaka a ƙasan wuyanta inda take tara nama kafin ya wuce ciki, to idan an iske ta da wuri akan sunkuyar da kanta a matso naman da ke ciki a hankali, a wanke jakar, domin duk abin da aka fitar guba ce da ba za ta shiga jini ba. Bayan haka a ɗura mata garin gawayi na musamman na asibiti da ke kama ragowar gubar a hanji, a yi mata ƙarin ruwa, a sa ta a inuwa cikin akwati mai duhu da iska, saboda zafin rana da firgici kaɗai suna iya ƙarasa tsuntsuwar da magani ya fara ceto. Mai wannan aiki dole ya sa safar hannu ya rufe hanci da baki, domin gubar tana shiga ta fata, kuma abin da ya kashe giwa ko zaki ba zai ƙyale mutum ba.

A Mayun 2025 an ga abin da shiri ke iya yi. Masu farautar sata sun zuba guba a gawar giwa a gandun Kruger na Afirka ta Kudu, sai na'urorin bin sawu da aka ɗaura wa wasu ungulaye suka nuna wa ma'aikatan ƙungiyar Endangered Wildlife Trust cewa tsuntsaye sun taru wuri ɗaya a yanayin da ba a saba ba. Masu gadin daji da likitoci suka isa, suka tarar da ɓarna: ungulaye 123 suka mutu, amma an kwashe 84 da ransu, wasu a motar da aka keɓe don jinyar ungulu, wasu a helikwafta, an yi musu atrofin da gawayi da ƙarin ruwa, kuma mafi yawansu sun rayu. Babu wani sabon magani a cikin abin da aka yi amfani da shi, duk abubuwa ne masu araha da ke cikin kowane asibitin dabbobi na kirki. Abin da ya bambanta shi ne labari ya iso da wuri, kuma akwai mutanen da aka horar tun kafin ranar.

Aikin ba ya ƙarewa da ɗauke masu rai. Dole a ɗebi samfur daga jakar wuyan matattun da hantarsu da naman mushen, a rufe a kwalabe masu tsabta, a rubuta wuri da rana, a sanyaya, domin ba a gurfanar da kowa a kotu da zato, kuma waɗannan magunguna suna bajewa da sauri a zafi. Sannan a tattara mushen da duk gawarwakin a ƙone su ƙurmus, in ba haka ba kura da dila da karnuka za su ci matattun ungulayen da dare, gubar ta ci gaba da tafiya daga baki zuwa baki.

Mu a ƙasar Hausa ba sai an kawo mana ƙidaya ba. Duk wanda ya kai shekara arba'in ya san lokacin da ungulaye ke jere a kan katangar kwata da rufin rumfunan mahauta da saman rimi, yara na jifansu ba su ko tashi. Yau yaro yana iya girma a babban gari bai taɓa ganin ko ɗaya ba, ya san ta a karin magana kawai. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa wannan ungulu ta kwata a jerin masu dab da ƙarewa. Abin da bincike ya fi nunawa a yankinmu shi ne farauta da guba don cinikin sassan jiki, kuma kasuwannin Najeriya suna jawo kaya har daga Nijar da Chadi da Kamaru, shi ya sa gidauniyar kare muhalli ta Najeriya ta shiga zama da masu maganin gargajiya don su koma ga itatuwa. Wanda ke sayen kan ungulu don magani ya kamata ya san cewa yawanci da maganin ƙwari aka kashe ta, kuma baki da wuya ne hanyar da gubar ta bi.

Damuwata ita ce ragowar da suka tsira daga wannan ciniki, musamman manyan da ke sheƙa a duwatsu da dazuzzukan Sahel, kada mu ƙarasa su da allura. Na tsaya a wata kara ranar kasuwa ina kallon wani mai sayar da maganin dabbobi da ya baje kwalabensa a kan buhu cikin rana, wasu takardun jikinsu sun koɗe. Wani dattijo ya jawo saniya mai ɗingishi, idanunta sun faɗa, ya ce, "Malam, duba mini ita, kwana uku ke nan ba ta kiwo." Mai maganin bai taɓa ta ba, bai tambayi nauyinta ba, ya zuƙo daga kwalabe uku a sirinji ɗaya ya caka mata a wuya, ya ce, "Baba, in Allah ya yarda gobe za ta miƙe." Dattijon ya biya ya yi godiya, bai san sunan ko ɗaya daga cikin abin da aka zuba wa dabbarsa ba, kuma ba laifinsa ba ne, domin likitan dabbobi mafi kusa yana iya kasancewa tafiyar yini. Diklofenak kuwa yana kowane kemis a garuruwanmu, ƙwaya da allura, a farashin da kowa zai iya.

Akwai wani bambanci tsakaninmu da Indiya da ya kamata a yi la'akari da shi. Mu idan saniya ta kwanta aka ga ba za ta tashi ba, yanka ta ake yi kafin ta zama mushe, don haka naman da ke ɗauke da maganin tukunyar mutane yake shiga. Kowace kwalbar kirki tana ɗauke da adadin kwanakin da za a jira bayan allura kafin a yanka dabba ko a sha nononta, kuma ba kasafai ake kiyaye shi ba, wanda hakan matsala ce ta lafiyar jama'a mai zaman kanta. Amma jaki da doki idan sun mutu bayan gari ake jan su a yar, haka ma dabbar da ta faɗi a hanyar mashekari ko ta mutu cikin dare ko a shekarar fari, kuma waɗannan su ne abincin ungulun da ke nesa da gari.

Najeriya da Nijar duk suna cikin yarjejeniyar kare dabbobi masu ƙaura, wadda a taronta na Manila a 2017 ta amince da shirin ceto jinsunan ungulu 15 na Afirka da Turai da Asiya, kuma kawar da irin waɗannan magunguna daga jinyar dabbobi yana cikin abin da shirin ya nema. Ra'ayina shi ne hukumomin rajistar magunguna na ƙasashen biyu su rufe ƙofa ga diklofenak da aseklofenak da ketofurofen da nimesulaid na dabbobi gaba ɗaya, su kuma sauƙaƙa shigo da meloksikam har ya yi arahar da mai talla a kara zai ga ribarsa, tunda shi ne likitan da yawancin makiyaya ke gani. Makarantun koyon likitancin dabbobi na Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna iya sa jinyar tsuntsun da ya ci guba a cikin darasin aiki da hannu, masu gadin Yankari da sauran gandaye kuma a ajiye musu atrofin da gawayi da safar hannu da kwalaben samfur, tare da lambar likitan da zai ɗauki waya. Shi kuma mai dabba, idan jakinsa ko dokinsa ko saniyarsa ta mutu cikin mako guda da yi mata allurar ciwo, ko da bai san sunan maganin ba, ya haƙa rami mai zurfin da kare ba zai tono ba ya binne ta, ko ya ƙone ta, kada ya ja ta bayan gari ya bari a fili.